Noti Goma Sha Shida a Gwangwanin Madara

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto bai gama rataye hularsa ba Saja ya shigo masa da wani matashi mai farar riga, yana ta huci. Auta ake ce masa a gida, kuma haka ya gabatar da kansa. An kwance wa motar marigayi mahaifinsa ƙafafu huɗu, sababbin wilin aloyi, irin masu ƙyallin nan na ado, masu inci goma sha takwas da tayoyinsu, ranar Lahadi da rana tsaka, shi kuma yana kan hanyar dawowa daga tafiya.

Ya ce ba sai an sha wahalar bincike ba. Mai facin bakin layinsu ne ya ɗaura wilin wata biyu da suka wuce, kuma tun jiya da yamma 'yan sandan da ke aikin Lahadi suka kamo shi, yana nan a tsare. Abin da yake so kawai, gobe a kai shi kotu.

Sufeto ba ya katse mai magana. Ya bari Auta ya zazzage cikinsa tas, sannan ya sake ɗaukar hular.

"Mu je in ga motar."

A bakin gareji ya ja ya tsaya. Doguwar mota ce ruwan toka, irin ta da, mai faɗin gaba da kujeru kamar na falo. Irinta mahaifin Sufeto ya tuƙa shekara ashirin a ma'aikata, kuma a bayan irinta Sufeto ya fara sanin daɗin barcin mota yana ɗan shekara bakwai. Ko ƙanshin fatar kujerun bai canja ba. Ga ta yau a kan bulo huɗu, ba ƙafa ko ɗaya.

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Tsakanin kowane bulo da cikin motar an ninke tsumma don kada fenti ya kuje. A gefe, jikin bango, ga gwangwanin madara da murfinsa. Ya buɗe. Noti goma sha shida ne a ciki, an ɗiga musu mai.

Saja ya leƙo ta kafaɗarsa. "Yallaɓai, wannan ɓarawon ya samu tarbiyya. Saura ya bar mana takardar ban haƙuri."

Sufeto bai yi dariya ba. A shekara talatin da biyu na aiki, ɓarayin taya da ya sani kan watsar da noti a ƙasa, ko su tafi da su.

Ya buɗe ƙofar baya. Matasan kai uku ne jere a kujerar dama. Hannun riƙewa da ke saman ƙofa kuma an naɗe shi da ƙaramin tawul, tawul ɗin ya murɗe saboda yawan damƙa.

Ya tambayi Auta dalilin canja wilin. Nan fuskar matashin ta saki. Ya ce da ƙananan wilin ƙarfe na asali, masu inci goma sha biyar, in ka sha kwana sai motar ta kwanta gefe kamar kwalekwale. Yanzu sitiyari na jin magana, birki na kamawa, kuma duk inda ya tsaya sai an waiwayo. So yake motar babansa ta dawo da martabarta.

Sufeto ya ce gaskiya ne, babban wili ya fi riƙe titi. Sannan ya nuna matasan kan.

"Wa ke zama nan?"

"Hajiya, mahaifiyata. Talata da Juma'a Baba Direba na kai ta asibiti gashin baya, tun da aka yi mata aiki."

"Ta taɓa yi maka ƙorafi?"

"Ko sau ɗaya. Albarka ma ta sa mini."

Mai gadin gidan ya rantse bai matsa daga bakin ƙofa ba ranar Lahadi, ko fitsari bai je ba. Sufeto ya saurare shi har ƙarshe, idonsa na kan ƙeyar mutumin da ke ƙyalli a ƙarƙashin hula.

"Wanzamin nan ya iya aski. Nan bakin ƙofa ya zo ya yi maka?"

Mai gadi ya shafa ƙeya, ya dubi ƙasa. Daga ƙarshe ya yarda ya tafi aski bayan azahar, ya tarar da layi, bai dawo ba sai la'asar. Ƙofa kuwa Baba Direba ya bar wa, shi ma ya ce masa ya je abinsa, kada ya yi sauri.

Baba Direba dattijo ne siriri, rigarsa a goge, maɓalli har wuya. Shekara talatin da huɗu yana tuƙi a gidan. Shi ya ɗauko Auta daga asibiti ranar da aka haife shi, a cikin wannan motar. Ya ce barci ya kwashe shi a ɗakinsa na bayan gida, bai ji komai ba. Yana magana yana kallon motar, ba ya kallon Sufeto.

Sufeto ya nemi a nuna masa inda aka ajiye tsofaffin wilin. A sito suke, bayan buhunan siminti da karyayyun kujeru. Komai a ɗakin ya yi ƙura, ban da su. An wanke su fes. Ya danna kowace taya da babban yatsa, ya ji ta tam. A jikin kowace an rubuta da alli: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. A bakin kowane bututun iska kuma ga sabon murfi ja.

Taya ta yi wata biyu a sito, ba ta saki iska ba, ba ta yi ƙura ba. Sufeto ya daɗe yana kallon rubutun allin. Haka mahaifinsa yake yi duk lokacin da zai juya tayoyi, da guntun allin da yake karɓa a jakar makarantarsu.

Da suka koma ofis ya sa aka fito da mai faci. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa sun yi ja don rashin barci, amma bakinsa bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, sana'ata iska ce, amma wallahi ni ba ɗan iska ba ne."

Sufeto ya sa aka kawo masa shayi, ya tambaye shi bambancin wilin biyu kamar mai son saye. Mai faci ya gyara zama. Ya ce tsayin ƙafar mota ba ya canjawa, saboda haka duk incin da ka ƙara wa wili, a jikin taya ka yanke shi. Tsohuwar taya tana da nama, ita ke shanye rami kafin ya iso ga mutum. Ta babban wili kuwa siririya ce kamar bel. Mai riƙe da sitiyari yana jin daɗi, amma na baya kowane tsakuwa sai ya ƙirga shi da ƙashin bayansa. Ya ce ya faɗa wa Auta a ƙara inci ɗaya kawai, Auta ya ce ba shawara ya zo saye ba.

"Tsofaffin wilin fa? Yaushe rabonka da su?"

"Tun ranar da na kwance su, ranka ya daɗe."

Sufeto ya ciro jan murfin bututu daga aljihu, ya ajiye kan tebur kusa da kofin shayin.

"Da muka wuce rumfarka na ga irinsa cike da kwalba. Gobe kotu za a kai ka. Iyalinka nawa?"

Mai faci ya ƙura wa jan murfin ido. Sannan ya ce ranar Alhamis Baba Direba ya kawo su biyu-biyu a baro, ya ce a duba, a ba su iska. Bai tambayi dalili ba. Da aka kama shi ya gane, amma ya kasa buɗe baki, don tsohon ne ya tsaya masa aka ba shi wurin rumfar shekara goma sha biyar da suka wuce.

"Na ɗauka zai zo da kansa, ranka ya daɗe. Na jira shi har gari ya waye."

Bayan la'asar Sufeto ya koma gidan. Ya nemi izinin gaida Hajiya. Ya same ta a kan doguwar kujera, an tokare mata baya da matasai. Ta yi masa maganar marigayi, da tafiye-tafiyen da suka yi a motar yara na barci a baya, ta ce a da ko ruwa ka ɗora a kofi ba zai zube ba. Da ya tambaye ta tawul ɗin da ke hannun ƙofa, sai ta sauke murya. Ta ce yaron ya yi abin ne don tunawa da ubansa, ranar da ya kawo motar har da hawayensa. Ina za ta iya ce masa a cire? Ta roƙi Sufeto kada ya faɗa masa.

Sufeto bai yi mata alkawari ba. Ya yi mata fatan sauƙi ya fito.

Ya tara Auta da Baba Direba a gareji. Ya ɗora gwangwanin madara a kan bonet, ya jera abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba: tsumman da ke kan bulo, man da ke jikin noti, allin da ke jikin taya, jan murfi. Ya ce ɓarawo ba ya tausayin fenti. Wanda ya yi wannan aikin son motar yake, kuma tun ranar Alhamis ya san za a nemi tsofaffin ƙafafunta.

"Baba, ina wilin?"

Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Suna ƙarƙashin gadona. Kowanne na naɗe shi da bargo, ko ƙwarzane babu."

Auta ya yi baya kamar an ture shi. "Baba? Kai?"

"Ni ne, Auta. Sau biyu ina faɗa maka, ka ce zamani ya wuce ni. Kai gaba kake zama, hanya kake kallo. Ni madubi nake kallo. Duk ramin da muka faɗa sai in ga Hajiya ta cusa mayafi a baki don kada in ji. Ranar Juma'ar waccan da muka isa asibiti, sai da ma'aikata biyu suka fito da ita daga motar. Na ce in an wayi gari babu su, dole a mayar da na da." Ya murɗa hular a hannunsa. "Ban taɓa zaton za a kama bawan Allah nan ba. Jiya na sa takalmi sau uku zan tafi ofishinku, kunya ta mayar da ni. Wannan shi ne laifina, Yallaɓai, ya fi na wilin."

Auta ya ce ya janye ƙara, a bar maganar a nan. Sufeto ya girgiza kai. Mutum ya kwana a tsare, an buɗe fayil, kuma ba a rufe shi sai wanda ya yi ya je ya faɗa da bakinsa ya sa hannu. Abin da zai biyo baya, sai gobe a gaban babban jami'i. Amma mai faci a gidansa zai kwana yau.

Baba Direba ya nemi alfarma ɗaya, a bar shi ya mayar da tsofaffin wilin kafin a tafi da shi. Gobe Talata, ranar asibiti ce.

Sufeto ya dubi agogo, ya gyaɗa kai. Aka turo tsofaffin wilin daga sito. Dattijon ya naɗe hannun riga, ya ɗaura kowanne a inda allin ya ce. Yana ɗaure noti ɗaya sai ya tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, ba ya bin su a jere, kuma ba ya yi musu ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka ƙasa. Sufeto ya tsinci kansa yana miƙa masa noti daga gwangwani ɗaya-ɗaya, kamar yadda yake yi wa mahaifinsa ranar Asabar da safe.

Da aka gama, Baba Direba ya goge hannu, ya miƙa wa Auta makulli, ya miƙa wa Saja hannayensa biyu. Saja ya dubi Sufeto, ya mayar da ankwa aljihu.

Sufeto ya karɓi makullin daga hannun Auta ya mayar wa tsohon.

"Kai za ka kai mu, Baba. Saja, bi mu da tamu." Ya juya ga Auta, wanda ya riga ya kama ƙofar gaba. "Ka taɓa zama a baya?"

Auta ya saki ƙofar. Ya zagaya ya zauna a kan matasan mahaifiyarsa, hannunsa ya kai ga murɗaɗɗen tawul ɗin, ya tsaya a kai.

A ƙarshen layi akwai wani rami da ya cinye rabin titi. Baba Direba ya rage gudu, motar ta nutsa a hankali ta taso. Sufeto ya jingina kai da fatar kujera ya lumshe ido. Bai buɗe ba har suka isa ofis.