Lungun da Aka Toshe

Ana gab da magariba, mai zanen gidaje yana falo ya baje takardun gini a kan tebur, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya ɗaga kai, ya ce yara ne. Matarsa ta leƙa waje, babu kowa.

Shi ya zana gidajen nan arba'in na masu ƙaramin ƙarfi, a tsakiyar tsohuwar unguwa. Kuma ya yi ƙoƙari, ba a raina masa ba. Bai bar gida ko ɗaya ya fi na maƙwabta tsawo ba, babu tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, har launin bango daga nasu ya aro. Don a san ya yarda da aikinsa, ya kwaso iyalinsa suka tare a gida na ƙarshe, mai jingine da katanga.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai duwatsu, sai takun sawu da yawa su zo jikin katanga su yi cak. A mako na uku 'yarsu, mai shekara goma sha uku, ta daina magana. Da yamma ta yi sai ta miƙe ta nufi bangon ɗakinta, ta buga goshi, ta ja baya, ta sake. Uwar ta riƙe ta har hannayenta suka mutu. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Gidan ya gaji, ko kuka ba a iya yi.

Ƙanin matar ne ya kawo wani malami, dattijo mai tafiya a hankali. Ya zauna a bakin ƙofa, ya yi ta karatu har yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsufa, kuma ita ma a gajiye take.

Malam ya tambayi me suke nema a jikin baiwar Allah. Muryar ta ce ba ruwansu da ita, hanya suke so. Nan lungu ne tun kafin a haifi kakan mai zane, ta nan suke wucewa duk yamma, yanzu an dasa gado a kai.

“Ka auna inuwa, ka auna iska,” in ji muryar ga mai zane. “Ba ka duba inda ƙasa ta lotsa da sawu ba.”

Ta nemi a rushe gidan duka. Malam ya ce ba a yi haka ba, mutane ne a ciki. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan taku uku, faɗin da mutum biyu za su gifta. Mai zane ya ɗauko fensir, ya ja layi biyu ta tsakiyar ɗakin 'yarsa. Yarinyar ta sulale ƙasa. Can ta buɗe ido, ta ce, “Mama, goshina na ciwo.”

Kwana huɗu magina suka yi suna fasa katanga. Ranar da aka share ɓaraguzan, mai zane yana tsaye wata tsohuwa ta shigo lungun da bokiti a kai, tana ɗingishi. Ya gaishe ta, ya ce ai an buɗe ne saboda waɗancan masu jifan.

Ta dube shi, ta gyara zaman bokitin.

“Na ji, ɗana. Mu ma shekara biyu, tun da aka fara ginin, muna zagaye da ƙafar nan. Jifa ne ba mu iya ba.”