Baƙuwa a Kufan Kasweta

Ranar da abin ya faru, zuba shayi kawai aka aike ni. Shekara goma sha ɗaya na yi a masaukin baƙi na bakin kogi, ina wanke zannuwan gadon Turawan da ke zuwa kallon namun daji, ina tuƙa wa ma'aikata tuwon masara. Ban taɓa shiga motar yawo ba. Ban ga abin kallo a jikin giwa ba, ita da ke cinye mana gona. Amma mai hidimar baƙi ya kwanta da zazzaɓi, sai manaja ya ce in sa fararen kaya da takalmi in bi su, in zuba musu abin sha a inda suke tsayawa kallon faɗuwar rana.

Penyani ne ke tuƙi, shi ne kuma mai yi musu bayani. Mutumin Chipata ne, ɗan birni, bakinsa ba ya hutawa. Lazaro mai bindiga yana zaune kusa da shi. Turawa shida a tsakiya, ni a can baya da akwatin kofuna a cinya.

"Maman Yotamu, ki riƙe da kyau," in ji Penyani. "In kika faɗo, zaki zai ce ƙashi muka jefo masa."

"Kalli hanya, marar kunya. Uwarka ba ta koya maka magana da manya ba?"

"Ta koya min, Mama. A hanya na zubar."

Muka wuce garken ɓauna, muka wuce jakunan dawa. Duk inda dabba ta ɗaga kai sai ya taka birki, Turawa su yi ta ɗaukar hoto suna raɗa. Daga nan ya bar babbar hanya ya bi wata siririya da ya ce a makon nan ya gano ta. Ciyawa tana gogar cikin motar. Can gaba na hango tsamiya uku a jere, ta tsakiyar ta karkata wajen kogi.

Tun motar ba ta tsaya ba na gane wurin. Kasweta ce, garinmu. A nan aka haife ni. Ina da shekara bakwai aka zo da manyan motoci aka kwashe mu, aka ce wurin ya zama na dabbobi. Mahaifiyata ba ta shiga motar ba. Damina ɗaya kafin nan ta rasu wurin haihuwa, aka binne ta bayan tsamiyar tsakiya. Ranar tashi na durƙusa a kan kabarin na ce mata zan dawo. Shekara hamsin da huɗu ke nan.

A wurinmu mace ba ta shiga gidan manya a tsaye. Takan cire takalmi, ta durƙusa, ta tafa hannu, ta faɗi ko ita 'yar waye. Ni kuwa na sauko da takalmina, na buɗe tebur a tsakar gidan ubana, na jera kofuna.

Wata Baturiya mai jan gashi ta sunkuya ta tsinci wani abu a ƙasa. Ɓarin bakin tukunya ne. Daga inda nake na ga zanen, layi biyu na farce kamar sawun zabo. Mace ɗaya ce a Kasweta take yi wa tukunya wannan zane, mahaifiyata, kuma ni nake ɗebo mata yumɓu.

Baturiyar ta yi wa Penyani magana. Ya juyo wajena.

"Mama, ke ce tsohuwa. Wai tana tambaya, an taɓa zama a nan?"

Duk su shida suka zuba min ido. Kowa da kyamararsa a wuya. Na san in na ce eh za su ɗaga su a kaina yadda suka yi wa ɓauna ɗazu, su koma ƙasarsu su nuna tsohuwar da aka haifa cikin namun daji. Na dubi fararen kayana. Na gyara tsayuwa.

"Babu kowa," na ce. "Ba a taɓa yin mutane a nan ba."

Penyani ya fassara mata. Ta ɗaga kafaɗa ta yar da ɓarin tukunyar.

Kurciyoyin da ke kuka a kan tsamiya suka yi shiru. Dorinar ruwa da ke ta gurnani a kogi tun zuwanmu, ita ma ta daina. Sai ƙarar cokali a kofi.

Lazaro ya sauke bindiga daga kafaɗa. "Penyani, a tattara," ya ce a hankali.

Rana ta faɗi, sai jan da ya rage a sama. Na ɗauki butar shayi na zaga bayan tsamiya in zubar da ragowar. Taku goma ne, bai fi ba.

Hayaƙi na fara ji. Hayaƙin itacen girki, da ƙamshin ganyen kabewa da gyaɗa a kan wuta. Sannan na ji ana niƙa. Dutse kan dutse, gaba da baya, da ɗan tsayawar da mai niƙa kan yi ta ƙara hatsi.

Na ɗaga kai. Ciyawar nan babu ita. Ga ɗakinmu, ga rumbu, ga kaji suna shiga akurki. Mutane suna zaune a ƙofar ɗakuna, duk sun ba ni baya.

Mai niƙan ta tsaya. Ta karkaɗe hannu a zane ta juyo.

Mahaifiyata ce. Yarinya ce shar, ba ta kai autata shekaru ba. Ga tabon ƙunar nan a wuyan hannunta.

Ta dubi furfurata, ta dubi takalmina. Sai ta taso ta zo gabana, ta zube a ƙasa, ta tafa min hannu. Uwata da ta haife ni.

"Sannu da zuwa, Iya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Daga ina?"

"Inna, ni ce."

"Wa ke nan?"

"Tisauke."

Ta yi murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo.

"Ni ma ina da Tisauke. Ta yi tafiya, ta ce za ta dawo. Ƙarama ce, amma ta san gaisuwa."

Na yi in durƙusa. Gwiwoyina suka ƙi. Na yi in cire takalmi, ƙafar ta kafe a ƙasa kamar turke.

"Ki yi haƙuri, Iya, ba mu share gida ba," ta ce. "Ba mu san da baƙi ba. Ɗazu ma muka ji an ce babu mu."

Mutanen ƙofar ɗakuna suka fara juyowa, ɗaya bayan ɗaya. Ban kalle su ba.

Ta miƙo ƙwarya da hannu biyu.

"Ga ruwa. Ki sha kafin ki wuce."

Na saki butar. Na miƙa hannu.

Numfashi mai zafi ya taɓa yatsuna.

Ƙamshin miyar ya tafi. Warin ɗanyen nama ya maye gurbinsa.

Idonta ya koma rawaya.

Bindiga ta tashi a bayana. Wani ya fizgo ni ta wuyan riga, na faɗi da baya. Inda mahaifiyata take durƙushe, zakanya ce kwance a kan tsohon dutsen niƙa, taku uku daga ƙafata. Ta miƙe ba gaggawa, ta dube ni, ta shige ciyawa.

Lazaro ne ya ja ni har mota. A sama ya yi harbin. Penyani ya tuƙa mu, tebur da kofuna duk a can muka bar su. Turawa suna ta surutu. Mai jan gashin nan ta juyo da kyamararta ta nuna min: ga ni tsaye cikin fararen kaya, hannu a miƙe, ga zakanya ta ɗago kai. Hoton da na guje wa sun samu.

Lazaro ya dawo baya ya zauna kusa da ni. 

"Mama, wa kike yi wa magana a can?" ya ce a kunnena. "Ni dai na ji ƙamshin miya."

Ga shi an sake tambayata, kuma wannan karon babu Bature a ciki.

"Ba kowa," na ce. "Shayi na je zubarwa."

Penyani bai ƙara bin wannan hanya ba, bai kuma ƙara tsokanata ba. Da damina ta zo aka rufe masaukin, ni ban koma ba. Ko aljanun wurin ne suka ari fuskarta, ko ita ɗin ce, ban sani ba. Fastonmu ya ce in yi addu'a in manta. Addu'ar dai ina yi.

Bara da na yi jinya, ɗana Yotamu ya zauna a bakin gado ya tambaye ni inda nake so a kwantar da ni in lokaci ya yi, bayan coci ko kusa da ubansa. Na ce masa duk inda ya fi masa sauƙi. Ramin bai dame ni ba. Abin da nake tsoro shi ne in isa can, ta taso ta sake durƙusa min.