Wata a Cikin Ƙwarya

Daren da aka yi husufin wata, babur ɗina ya mutu tsakanin Gurbin Bore da Zurmi, ga maganin mahaifiyata a aljihu. Daga nesa ina jin yara na buga gwangwanaye, suna roƙon rana ta saki wata, shi kuwa ya yi jajir kamar garwashi.

A gindin marke na iske tsohuwa durƙushe gaban ƙwaryar ruwa, yadda mutanenmu ke kallon husufi.

Na ce, "Sannu Inna. Ke kaɗai cikin dajin ga?"

"Taho ka gani, Malami."

Sunana ke nan, ban kuwa faɗa mata ba, amma na leƙa. Watan cikin ruwan fari ne fat, ko gefensa bai taɓu ba. Ga fuskata kusa da shi. Inda tata za ta fito, sai taurari.

"Yaran can su bar damun rana," ta ce, numfashinta mai sanyi a wuyana. "Ba ita ta kama shi ba."

Ta jawo faifai ta rufe ƙwaryar a hankali. Na ɗaga kai, babu wata a sama.