Muryar Helmi

Aili na yanka albasa a kicin, mijinta Wendell na goge faranti a gefenta, sai suka ji ana bubbuga wani abu a falo. Eino ne, mahaifinta. Wata bakwai ke nan da ya dawo gidansu a birnin Duluth, tun rasuwar matarsa Helmi, da akwati ɗaya da tsohuwar na'urar kallon faifai a hammata. Faifan nasa guda ɗaya ne tak. Kullum bayan gahawar la'asar zai saka shi, ya zauna ya kalli Helmi tana kitsa burodi a kicin ɗinsu na garin Hibbing, tana yi masa faɗa. Yau na'urar ta haɗiye faifan ta yi shiru. Da ƙyar Wendell ya zaro shi da bakin wuƙa.

"Na'urar ta mutu, Eino. Gobe zan sayo maka wata, ai ba su da tsada."

"Ba za ka sayo ba," in ji tsohon. "Ina cin abincinku, ina shan ɗumin gidanku. Ya isa haka. Abin da aka saya saboda ni, hannuna ba zai taɓa shi ba."

Mutum ne da ya yi shekara talatin da wani abu yana haƙar ƙarfe, in ya ce a'a ya gama magana. Ya goge faifan da gefen rigarsa ya shige ɗaki.

Da suka koma kicin Aili ta rage murya. "Wen, na'urar gem ɗin nan da ka ishe ni da zancenta tun bazara, iri biyu ce ko?"

"Biyu. Ɗaya tana da bakin saka faifai, ta yi gem ta yi fim. Ɗayar siririya ce, ba baki, komai daga intanet take saukewa."

"To sayi mai bakin. Taka ce, ba tasa ba. Aro zai riƙa yi, Baba kuwa ba ya ƙin aro."

Wendell ya yi dariya ya ja mata kunne. "Kai, yarinyar nan! Da wannan wayon kika kama ni ko?"

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ranar bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba suka haye gada su uku, har da Eino, zuwa gidan Darlene, yayar Wendell. Ita ta rene shi tun yana shekara tara, lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, har yau kuwa kallon yaro take yi masa. Ana cikin yanka talo-talo ta jawo shi bayan ƙofar kicin, ta nuna masa kwalin na'urar gem mai bakin faifai da ta ɓoye wa tagwayenta na Kirsimeti. Wendell ya ce shi ma irinta zai saya gobe, ya faɗi dalili.

Darlene ta ajiye wuƙa. "Auta, kana jin kanka kuwa? Kujerarka ta zama tasa. Ɗakin da kuka gyara wa jariri ya zama nasa. Yanzu abin wasan naka ma don shi za a zaɓa?"

"Haba Dar, mene ne a ciki?"

"Komai ne a ciki! Shekararku ɗaya da aure, ba ku reni ɗa ba kun fara renon tsoho. Akwai gidan kula da tsofaffi mai kyau a kan tudu, har tafki ake hangowa ta taga. Ban sha wahalarka don ka zama ɗan aike a gidanka ba."

Ya koma wurin cin abinci. Amma maganar ta bi shi har gida, ta kwana da shi.

Washegari Juma'ar rangwame ce. Da safe ya bi layi a kanti cikin dusar ƙanƙara har ya kai gaban mai sayarwa, wata budurwa mai ɗan kunne a hanci.

"Mai faifai saura uku," ta ce. "Siririyar kuwa ga ta nan jibge. Abin dubawa ɗaya ne, kana da faifai a gida? In kana da shi, ɗauki mai baki. In babu, kada ka wahalar da kanka."

Wendell ya dubi kwalayen biyu. Ya ji muryar Darlene, ɗan aike a gidanka.

"Babu," ya ce.

Aili ta ga kwalin, ta karanta jikinsa, ta dube shi. Ta koma ta ɗora gahawa.

Da la'asar Eino ya fito. Ya sa riga mai guga, ya taje gashinsa da ruwa, faifai a hannu. "Na ji an ce ka yi sabon abin wasa. Ko za a ara wa maƙwabci?" Ya durƙusa da ƙyar gaban talabijin, ya shafa gaban na'urar da yatsunsa masu kanta. Ya shafa gefe. Ya juya ta ya shafa baya.

"Ina bakinta, yaro?"

"Wannan... ba ta da shi. Yanzu komai yana intanet ne."

Tsohon ya daɗe a durƙushe. "Helmi ba ta intanet," ya ce a hankali. Ya dafa kujera ya miƙe, bai yarda a kama shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya, ko biyar ne ko shida, gidan ya yi shiru. Aili ba ta fasa haɗa wa mijinta abincin tafiya aiki ba, ba ta fasa yi masa sai ka dawo ba. Da ta yi masa faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ya kunna gem sau ɗaya, motoci na tsere a kan allo, ya ji kamar yana tauna takarda, ya kashe.

Ranar Alhamis ya dawo ya tarar da akwatin Eino a buɗe kan gado, Aili na zaune a bakin ƙofa tana kuka.

"Me ya faru?"

Eino ne ya amsa, yana ninke wando. "Na buga wa gidan tsofaffin nan na kan tudu waya. Suna da gado ranar Litinin. Kada ka ga laifin yayarka, abin jin nan da ke kunnena ya fi yadda take zato ƙarfi. Kuma ba ƙarya ta yi ba."

"Eino, ba wanda ya kore ka!"

"Na sani. Zauna ka ji." Ya ajiye wandon. "Fuskarta ina da ita a hoto. Muryar ce. Jiya na kwanta ina neman yadda take kiran sunana, na neme shi na rasa. Kwana goma kacal rabona da faifan, yaro. A can ɗakin taruwarsu akwai na'urar faifai, na tambaya. Ta kowa da kowa ce, ba don ni aka saya ba."

A kicin Aili ta share hawaye ta tsaya gabansa. "Tambaya ɗaya zan yi maka, Wen. Ƙarewa suka yi?"

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi. Ya dubi idanunta da suka kumbura.

"Saura uku na tarar."

Ta gyaɗa kai. "Na gode da ba ka yi min ƙarya ba. Ban taɓa cewa ka zaɓa tsakanin Baba da Darlene ba, ba kuma zan ce ba. In ya fita daga gidan nan ranar Litinin, zan zauna da kai, aure ne. Amma ban san da wace zuciyar zan zauna ba."

Washegari ya mayar da na'urar cikin kwalinta ya koma kanti. Budurwar ta ce za su karɓa, amma mai faifai ta ƙare, sai bayan sabuwar shekara. Ya zaga kantuna huɗu, amsa ɗaya. Ya zauna a mota yana kallon wani jirgin ruwan ƙarfe yana shigowa tasha a hankali, ƙanƙara ta daskare a goshin jirgin. Sannan ya tada mota ya haye gada.

Darlene ta buɗe ƙofa ta ga kwalin. "Au, tsohon ne ya aiko ka?"

"Dar, yaya muryar Mama take?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ni ina ɗan shekara tara, na manta. Ke kina sha bakwai. Yi min yadda take kiranmu cin abinci."

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta sake buɗewa, ta dafa bango.

"Tana da... tana ɗan ja ƙarshen suna... a'a, wannan Anti Lorna ce." Idonta ya kawo ruwa. "Wayyo Allah, Auta. Yaushe ta tafi ban sani ba?"

"Mu ba mu da faifai. Shi yana da shi, ni kuma na hana shi ji, don kada a ce min ɗan aike. Laifina ne, ba naki ba, ni na tsaya a gaban mai sayarwa. Musaya na zo nema. Tagwayenki ba su taɓa riƙe faifai ba a rayuwarsu."

Darlene ta juya. Ta shiga ta fito da kwalin, ta yage takardar adon da ta naɗe shi da ita, ta ɗauki rigar sanyinta.

Ita da kanta ta shigo da shi falon Aili. Eino ya fito ya tsaya yana kallon Wendell na haɗa wayoyi, fuskarsa a ɗaure.

"Saboda ni aka sayo wannan?"

"Ba a sayo komai ba. Musaya muka yi da yayata. Tawa ce, motocina zan riƙa tserewa da ita." Wendell ya miƙa hannu. "Aro kake so ko ba ka so, Baba?"

Bai taɓa kiransa haka ba. Aili ta toshe bakinta da tafin hannu. Tsohon ya dubi Darlene, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yafe min." Sannan ya zaro faifan daga aljihun ƙirjinsa.

Na'urar ta karɓe shi. Allo ya yi haske, ga kicin ɗin Hibbing, ga mace mai farin gashi hannunta duk gari.

"Eino! Sauke abin nan ka zo ka riƙe min kwano, kana tsaye kamar sandar fitila!"

"Ina zuwa," in ji tsohon. "Ina zuwa, Helmi."

Ba wanda ya motsa har faifan ya ƙare. Aili ta lallaɓo hannunta ta sa cikin na mijinta. Da aka gama Eino ya share fuska, ya ce wa Darlene ta zo ta taya shi mayar da kaya cikin durowa tunda tana tsaye ba aikin yi.

Haƙurin Aili ne ya riƙe gidan nan har mijinta ya dawo hayyacinsa; da ta biye wa zuciya, da fushi ya gama abin da zuga ta fara. Shi kuwa Wendell ya koyi cewa duk abin da mutum zai shigo da shi gida, ko da abin wasa ne, ya fara duba waɗanda ke zaune a gidan kafin ya dubi abin da za a ce da shi a waje. Ranar Litinin Eino ya buga waya ya ce a ba wani gadon.