Gangunan Muzdalifa

Ma'aruf mazaunin unguwar Shisha ne, ba nisa da Muzdalifa, jikan alhazan Kano, sana'arsa tsara kiɗan fim. Wata uku yana fama da kiɗan wani fim na yaƙin mutane da halittun wata duniya. Goge da kakaki da manyan ganguna duk ya jera su a kwamfuta. Da daraktan, Muhannad, ya zo daga Jidda ya saurara, sai ya girgiza kai.

"Ya akhi, ɗan'uwana, jirage na faɗuwa, mutane na ƙonewa, kiɗanka kamar na walima. Ina tsoron?"

Washegari bayan la'asar Ma'aruf ya ɗauki na'urar naɗar sauti ya nufi Muzdalifa. Ba lokacin Hajji ba ne. Fili fetal, ba kowa, sai warin kwalta mai zafi. Kukan iska tsakanin duwatsu yake so ya naɗa, ya shimfiɗa ƙarƙashin gangunan.

Rana ta yi ja. Iska ta tsaya cak.

Sai ganga. Dum. Dum-dum. Kiɗansa ne na fagen yaƙin, yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ƙaurin gashi ya cika masa hanci.

Aka yi masa raɗa a kunnen hagu, da Hausa irin ta tsofaffi: "Ba haka ake bugawa ba. Tsaya a nuna maka."

Bugun farko a gadon bayansa ya sauka. Ya kife, haƙoransa suka daki tsakuwa. Na biyu ya karya masa haƙarƙari, ya ji ƙarar. Hannuwa da yawa, busassu, suna kiɗa a jikinsa, ba mai kuskure.

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Jini ne ya fito.

Can nesa ladan ya ɗaga murya. Hannuwan suka dakata.

Da rarrafe ya kai ga motarsa.

A asibiti aka ce kunnen hagun ya mutu. Matarsa Rumasa'u ta ɗauki hoton bayansa ta nuna masa: shatar layi biyar, da ɗige-ɗige baƙaƙe a kansu. Rubutun kiɗa ne. Kafin ya kau da ido ya riga ya karanta.

"Goge shi," in ji shi.

Ya bar fim ɗin, ya sayar da kayan aikinsa. Bayan wata biyu, yana lallashin jaririyarsu a kafaɗa, ya ji abin da yatsunsa ke bugawa a bayanta: kiɗan da aka rubuta a bayansa ne. Ya miƙa wa Rumasa'u ita, ya zauna a kan hannuwansa. Har yau bai sake ɗaukarta ba.