Ƙwaryar Inna Lami

"Wa ya taɓa mini ƙwarya? Ina tambaya, wa ya taɓa ta?"

Inna Lami ce a tsakar gidanta na Kekun Waje, riƙe da ƙwaryar nono tana jijjiga ta. Madarar da ta dafa ta zuba tun jiya ba ta kama ba. Ta tsinke, ta yi ruwa-ruwa, wani wari na tashi.

Hafiza, amaryar ɗanta Munzali, ta fito daga madafa. Watansu huɗu da aure, suna zaune a Gusau, inda take aikin gwajin jini a wani asibiti. Sun zo duba Inna ne, da take ta fama da ciwon ciki da gudawa.

"Ni ce, Inna. Na ga ta yi dauɗa, akwai guntun tsohon nono a ƙasa, shi ne na zubar na wanke da sabulu da tafasasshen ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke..."

"Kin zubar? Kin zubar da irin?" Inna ta dafe ƙirji. "Irin da uwata ta ba ni ran da aka kawo ni gidan nan! Shekara arba'in ban bari ya yanke ba!"

"Sori, Inna, ni dai lafiyarki..."

"Sori ta ci gidanku! Wato ni ce ƙazama, ko? Munzali! Ko ni ko ita. Ran Juma'a ina son ganin takardarta a hannuna."

Munzali ya tsaya kamar an dasa shi. Da suka bar gidan, a kan hanya ya tsayar da babur, ya juyo, idanunsa sun yi ja.

"Hafiza, wallahi ba zan rubuta ba. Amma uwata ce. Ki je gidanku Tsafe tukuna, ki ba ni kwana uku."

Hawaye kawai ke zuba cikin hijabinta.

Mahaifinta, Malam Arzika, ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya, kuma har yau ba ya barin magana ta wuce bai bi diddiginta ba. Da ya ji labari sai ya miƙe yana neman hularsa.

"A kori ɗiyata saboda ta yi tsabta? Wannan zalunci ne! Sai na je an ba ni ba'asi!" Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. "Dakata. Me kika ce kin zubar?"

"Guntun tsohon nono, Baba."

Ya dawo ya zauna, ya cire tabarau.

"Hafiza, mene ne ƙananan halittu?"

"Haba Baba, yanzu?"

"Amsa mini!"

"Halittu ne masu rai da ido ba ya gani sai da madubin asibiti. Suna cikin ruwa, da ƙasa, da iska, da jikinmu."

"Duka cuta suke sawa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wa ke mayar da madara kindirmo? Wa ke sa kalwa ta zama daddawa? Wa ke tsamar da ƙullun koko? Su wa ke cikin hanjinki suna taya ki narkar da tuwo?" Ya buga sanda a ƙasa. "Shekara huɗu a jami'a! Kullum masu cutar kike gani a aiki, har kin manta akwai masu amfani. Matar nan kiwo take yi a ƙwarya, kamar yadda take kiwon shanu a garke. Kin shiga kin kashe mata garke, kin ce sori!"

Hafiza ta fashe da kuka. "To ciwon cikinta fa?"

"Madarar da ake dafawa kika zarga. Ruwan shan gidan fa, kin duba?"

Nan ta tuna randar da ke ƙarƙashin darbejiya, ba marfi, moɗa ɗaya a ƙasa, kowa ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu.

Ta kira Munzali a waya. "Filis, faɗa mini, Inna kaɗai kakarku ta ba wa irin?"

"Akwai Gwaggo Ma'u, ƙanwarta, a Mada. Ita ma tana nono."

Washegari da safe Hafiza ta hau mota zuwa Mada. Gwaggo Ma'u ta saurare ta, ta yi dariya har da hawaye.

"Lami da faɗa! Ba ta faɗa miki ta taɓa barin akuya ta shanye irin ba? Nan ta zo ta ɗiba!" Ta cika mata 'yar ƙwarya, ta rufe da faifai. "Ki riƙe a cinya, kar rana ta buga shi."

Ran Alhamis suka isa Kekun Waje, ita da mahaifinta. Inna Lami na kwance a tabarma, ta rame, Munzali na yi mata fifita. Hafiza ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar.

"Inna, na yi laifi. Na ɗauka na sani, ashe rabi na sani. Ki yafe mini."

Inna ta kawar da kai. Can ta ɗaga faifan, ta shinshina, ta lakato da yatsa ta kai baki.

"Na uwata ne," in ji ta a hankali.

"To, an biya ki, Hajiya," Malam Arzika ya ce. "Saura ni! An koro mini ɗiya ba a ji ta bakinta ba. Wanke ƙwarya kuskure ne, amma tsoron da ya sa ta wanke gaskiya ne. Dubi randarki! Ba na neman komai sai abu biyu: a janye maganar takarda, a kuma bar ta ta gyara ruwan gidan nan."

"Randar ma gado ce," Inna ta ce da ƙunƙuni.

"Ba wanda ya ce a fasa ta. A wanke, a rufe, a rataye moɗa!"

Inna ta dubi Hafiza. "Ke sarkin wanki, tashi ki wanke. Amma in kika sake kallon ƙwaryata..."

"Ko da ido ɗaya, Inna!"

Munzali ya sauke ajiyar zuciyar da ya riƙe kwana uku.

Hafiza ta wanke randar, ta tafasa ruwan sha, ta haɗa wa Inna ruwan gishiri da sukari, ta kuma matsa sai da aka kai ta asibitin Bungudu. Cikin mako guda Inna ta miƙe. Kindirmon farko da ya kama, Gusau ta aika da shi, da saƙon cewa na ɗiyarta ne, kada Munzali ya taɓa.

Yara, ku lura. Abin da ido ba ya gani yana iya kwantar da mutum, yana kuma iya ciyar da shi, don haka a tambaya kafin a zubar, a saurara kafin a kori mutum. Da Hafiza ta yi zuciya, da aurenta ya mutu a kan guntun nono. Haƙuri da amsa laifi suka riƙe mata shi.