Ginshiƙan Dutsen Rawaya

Da hantsi Zuƙau ya fara aiki, garin Dutsen Rawaya ya ɗauka da guɗa. Inji ne mai bututu uku: ɗaya ya tura tafasasshen ruwa can ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ya busa iska, na ukun ya zuƙo narkakkiyar farar wuta tana kwarara kamar zuma. Injiniya Barmani, wadda ta ƙera shi, sai tsalle take yi a ɗakin sarrafawa, kai ka ce ba ita ce mai digiri uku ba.

Ai dole ta yi murna. Tun kafin a yi ɗan Adam wani teku ya ƙafe a nan, ya bar gishiri da farin dutse, ƙananan halittun da ido ba ya gani suka yi ta aiki a kansu har farar wuta ta samu. Kakanninta sun shekara ɗari biyu suna saranta da diga, hayaƙi na cin huhunsu. Unguwar Mahaƙa ma, inda Innarta take zaune har yau, a saman tsofaffin ramukan aka gina ta. Abin da suke haƙowa a shekara, ga Zuƙau zai fitar kafin azahar, jirage marasa matuƙi suna ta jigilarsa zuwa masana'antun batir da taki.

Tana cikin wannan ɗoki kawunta Ƙosau, mahaƙi na ƙarshe da ya rage a garin, ya shigo yana tari. Ya tsura wa taswirar ƙarƙashin ƙasa da ke kan allo ido.

“Barmani, waɗannan jajayen ɗigon da suke ɓacewa fa?”

“Ragowar farar wutar da kuka bari ce, Kawu! Wai rabon aljanu ko?” Ta ƙyalƙyale da dariya. “Kwamfuta ta ce asara ce zalla, shi ne na sa aka fara da su.”

Tsoho ya cire hularsa. “Mu muka ce na aljanu ne, don kada mai kwaɗayi ya taɓa. Duk taku bakwai mukan bar ginshiƙi guda. Ke a kan me kike zaton unguwarmu take zaune?”

 Barmani ta daki jan maɓalli, Zuƙau ya yi tsit. To amma ruwan da ya riga ya shiga ƙasa ba ya jin umarnin kowa, sai ya kwana tara kafin ya huce. Ɗigon suka ci gaba da ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce, muryarta cike da fara'a.

“Allah ya yi miki albarka, 'yar nan! Yau har ruwan rijiyarmu ɗumi ya yi, ba sai na dafa na wanka ba. Sai dai ki turo a duba mini ƙofar ɗakina. Tun ɗazu nake ja in fita, ta ƙi buɗuwa, kamar ginin ne ya ɗan karkace.”